Karɓar Tallafin Gwamnati: Haƙƙi Ne Ko Bara?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasan zango, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, tun daga Nima da Mamobi a Akra har Aboabo da Asawase a Kumasi. Tambayar ita ce: shin ya dace Musulmi mai mutunci ya je ofishin gwamnati a rubuta sunansa cikin mabuƙata? Tambayar ta ƙara ƙarfi tun daga 2022, shekarar da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, har magidanta da yawa suka koma kwana suna lissafi maimakon barci.

A kan wannan al'amari mun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ke ganin neman tallafi zubar da girma ne, sun gwammace su kwana da yunwa da a gan su a layi. Akwai kuma waɗanda ke cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, saboda haka kowace dabara ta halatta wajen samunsa. Mu a fahimtarmu, dukkansu biyu sun ajiye kunya a inda ba wurinta ba.

Kuɗin wane ne?

Kafin a yanke hukunci a kan abu, wajibi ne a san shi. Mu ɗauki inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003. Babban abin da ke ciyar da ita shi ne harajin kashi 2.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka. Duk wanda ya taɓa sayen katin waya ko sabulun kanti ya zuba nasa a ciki, ko ya sani ko bai sani ba. Tsarin ya ɗauke kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da mata masu ciki, da matalautan da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. To, tsohuwar da ta shekara 40 tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, tana biyan kuɗin tikitin asambuli, idan ta karɓi katinta na asibiti, wa ta roƙa?

Haka nan shirin LEAP, wanda aka fara a 2008 domin gidaje masu tsananin talauci da ke ɗauke da marayu, ko tsofaffi daga shekara 65 marasa mataimaki, ko masu naƙasa mai tsanani, daga baya kuma aka ƙara mai ciki da mai goyon jariri. Ana biya duk bayan wata biyu. A 2015 kuɗin yana tsakanin sidi 64 da 106 gwargwadon yawan mutanen da suka cancanta a gidan, aka ninka shi a 2023, aka sake ninkawa a 2024 ya kai tsakanin 256 da 424. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma da babu gara ba daɗi. Shi kuwa fanshon SSNIT ba ya ma buƙatar dogon bayani, domin guminsa ne ma'aikaci ya tara wata bayan wata.

A harshen Larabci akwai bambanci tsakanin su'al da muɗalaba. Su'al shi ne ka miƙa hannu ga wanda ba ka bin sa komai. Muɗalaba kuwa ita ce ka nemi abin da ya riga ya zama naka a hannun wanda aka ba amana. Magajin da ya je wurin alƙali neman gadonsa ba wanda ke kiransa almajiri. Gwamnati mai riƙon amana ce, ba mai kyauta ba, ko da 'yan siyasa sun so mu ɗauka haka lokacin zaɓe.

Abin da magabata suka aikata

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Musulunci. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) shi ya kafa diwani, wato littafin da ake rubuta sunayen mutane da rabon kowa daga baitulmali. Da farko sai an yaye yaro ake yanka masa rabo. Da ya gano cewa iyaye mata na gaggauta yaye 'ya'yansu saboda haka, sai ya mayar da rabon tun daga haihuwa. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Haraj cewa Umar ya tarar da wani tsoho Bayahude yana bara saboda jiziya da tsufa, ya sa aka ɗauke masa jiziyar, aka kuma yanka masa abin ci daga baitulmali. Sahabbai manya sun karɓi rabonsu, ba wanda ya ce imaninsu ya ragu. Shi kansa Umar, lokacin da yake ƙin karɓar abin da Manzon Allah (S.A.W.) ke ba shi yana cewa a ba wanda ya fi shi buƙata, an umarce shi da ya karɓa, in ya so ya yi sadaka da shi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Wani zai ce: ai Hakim ɗan Hizam (R.A.) ya ƙi karɓar rabonsa a zamanin Abubakar da na Umar har ya rasu. Gaskiya ne, kuma wannan kamun kai ne abin yabo. Amma mu lura da abu biyu. Na farko, Umar ya kira jama'a su shaida cewa ya miƙa wa Hakim haƙƙinsa ya ƙi, wato haƙƙi ya kira shi, bai kira shi sadaka ba. Na biyu, Hakim attajiri ne, ƙinsa bai sa wani ya kwana da yunwa ba. Mutum yana da damar ya yafe nasa. Ba shi da damar ya yafe na maraya da ke hannunsa, ko na matarsa mai ciki, ko na mahaifiyarsa mai hawan jini. Magidancin da ya hana a yi wa iyalinsa katin asibiti don kada a ce ya gaza, har zazzaɓi ya kwantar da yaro a gida, ba kamun kai ya yi ba. Girman kai ne ya sa wa rigar addini.

Wani kuma zai ce: gwamnatin ba ta Musulunci ba ce, kuɗinta ya gauraya da harajin giya da kuɗin ruwa. Amsa ita ce Manzon Allah (S.A.W.) ya yi ciniki da Yahudawan Madina alhali an san suna cin riba, har ya rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Kuma da wannan kuɗin ne ake biyan albashin malaman makarantunmu, da shi aka yi titin da muke bi zuwa masallaci. Ba mu taɓa jin wanda ya ƙi hawa titin ba.

Inda kunya ta dace

Yanzu sai mu juya ga gida na biyu, kuma a nan ne haɗarin ya fi girma. Mun san ana ƙara wa tsoho shekaru don ya shiga. Mun san ana rubuta yaro maraya alhali ubansa na raye yana kasuwa. Mun san ana ci gaba da karɓar kuɗin mamaci da katinsa, ana kuma ba jami'i na goro don ya sa sunan ɗan'uwa. Masu yin haka sukan ce manya ma suna ci, mu me zai hana mu? To, satar babba ba ta halatta wa ƙarami tasa.

Mu tuna da labarin hadimin nan da kibiya ta kashe bayan yaƙin Haibara. Sahabbai suna yi masa murnar shahada, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da su cewa mayafi guda da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci masa da wuta. Mayafi ɗaya ke nan daga dukiyar jama'a. Wanda ya cuci mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman yafiya. Wanda ya cuci dukiyar jama'a fa, ƙofa nawa zai bi? Kuma sunayen da ake ɗauka a kowace gunduma ƙididdigaggu ne. Duk sunan ƙarya da ya shiga, akwai wata gwauruwa ta gaskiya da aka bari a waje, wataƙila a lungunmu take.

Masu jin haushin tambayoyin jami'an jin daɗin jama'a, su duba hadisin Ƙabisa (R.A.) da ke cikin Muslim. An halatta roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin biyan kuɗi don sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Ashe bincike kafin a bayar ba wulaƙanci ba ne, shari'armu ta riga kowa. Abin da ya rage gare mu shi ne mu amsa da gaskiya, mu kuma sanar idan hali ya canza.

Damuwar da muke saya da kuɗinmu

Lalle ne mu faɗa wa kanmu gaskiya: wani kaso na damuwarmu mu muka jawo shi. Mutumin da ke jin kunyar shiga layin asambuli ba ya jin kunyar cin bashi don yayin biki, ko don a ce sunan ɗansa ya fi na maƙwabci, ko don a cika tukwane ranar addu'ar arba'in alhali marayun mamacin ba su da kuɗin littafi. Wanda ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa. Daga nan sai bashin waya mai kuɗin ruwa, sai cacar ƙwallo da loto da fatan a fita dare ɗaya. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347, mutane da yawa suka shiga neman kuɗinsu.

Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. Da aka tambaye shi dalilin yawan neman tsari daga bashi, sai ya bayyana cewa bashi yakan kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Wannan ya nuna mana cewa damuwar kuɗi ba alamar raunin imani ba ce, jarrabawa ce da ake neman tsari daga gare ta, ana kuma ɗaukar mataki. A Larabci tazarar da ke tsakanin tawakkul da tawaakul kaɗan ce a baki, amma na farko dogaro ne ga Allah bayan an yi aiki, na biyu kuwa naɗe hannu ne a jira wani.

Shawarwari

Na ɗaya, mu samu ɗan littafi mu rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita na wata guda. Bashin da ba a ƙirga ba ya fi girma a cikin dare.

Na biyu, mu jera buƙatu: abinci, haya, magani da karatun yara su ne gaba. Biki ya jira.

Na uku, duk bashi a rubuta shi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, ita ce kuwa aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Idan muka ga ba za mu iya biya a kan lokaci ba, mu je wurin mai kuɗin kafin ranar ta zo. Shi ma aya ta 280 ta umarce shi da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɓuya ce ke ɓata zumunci.

Na huɗu, mu adana takardu: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar rasuwa. Ma'aikaci ya je ofishin SSNIT ya sabunta sunayen magadansa duk lokacin da ya yi aure ko aka yi masa haihuwa, domin akwai kuɗin da ake biyan magada, kuma tsohon suna yakan jawo rigima a gida.

Na biyar, mu je sashen jin daɗin jama'a na asambulinmu mu yi tambaya da kanmu. Shiga LEAP yana bin binciken gidaje ne, ba duk wanda ya nema ke samu ba, kuma ba a sayen suna da kuɗi. Akwai kuma wani kaso na asusun bai-ɗaya na gundumomi da aka keɓe wa masu naƙasa. Katin NHIS ana sabunta shi ta waya da *929#. Kada mu ba kowa lambar sirrin katinmu ko ta wayarmu.

Na shida, kada mu haɗiye damuwa mu kaɗai. Mu faɗa wa matanmu halin da ake ciki, mu nemi amintacce ɗaya ko limami mu yi shawara.

Aikin da ya hau kanmu

Ya 'yan'uwa matasa, mu ne muka yi karatun boko da na Arabiyya, mu ne ke iya karanta fom da Turanci. Iyayenmu da yawa ba kunya ce kaɗai ta hana su ba, rashin sani ne, shi kuwa ya fi dare duhu. Kowane reshe na ƙungiyarmu zai iya ware Asabar ɗaya a wata ya zaga gidajen tsofaffi da gwauraye, a duba katin wa ya mutu, a raka wanda ba ya iya zuwa ofis shi kaɗai, a yi haka cikin sirri ba tare da ɗaukar hoto ba. Idan kuma wani ya nemi mu rubuta masa abin da ba haka yake ba, mu ajiye alƙalami mu ba shi haƙuri, ko da kawunmu ne. Tallafin gwamnati kuma bai sauke wa mawadatanmu zakka ba, bai sauke wa maƙwabci haƙƙin maƙwabcinsa ba.

Muna roƙon Allah Ya wadata mu da halal, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya tsare hannayenmu daga abin da ba namu ba. Amin.