Kuɗin Alhaji a Filin Wasa: Sadaka ko Neman Suna?

A Dakoro, idan attajiri ya haƙa rijiya ko ya rufa masallaci, sai addu'a. Amma ya saya wa 'yan lakwal riguna da ƙwallo, ko ya sa buhun gero a gasar kokowa, nan take zance ke rabuwa biyu a majalisar bakin kasuwa. Wasu su ce Alhaji ya kyauta. Wasu su ce neman suna ne kawai, ba mamaki ma kujerar magajin gari yake hange.

Ga wanda ya san jihar Maradi, kokowa ta wuce wasan yara. Tun 1975 da aka fara gasar Takobin Ƙasa a Tahoua, ɗan Maradi ne, Yacouba Kantou, ya fara ɗaukar takobin, kuma filin kokowar birnin Maradi sunansa yake ɗauke da shi. A wannan fili Alhazan Maradi kan buɗe bakin aljihu, maroƙa na kirari, mai shela yana faɗin suna da adadin jikkunan da aka bayar.

Shelar nan ce ke damun malamai. Wasan kansa ba su cika jayayya a kai ba, tunda Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokowa da Rukana ya kada shi. Abin da suke tunatarwa shi ne hadisin Muslim a kan mutum uku da za a fara yi wa hisabi, cikinsu har da mai dukiyar da ya yi ta kyauta don a ce da shi mai baiwa ne. Gargaɗi ne mai nauyi. Sai dai aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yaba sadakar bayyane, ta kuma fifita ta ɓoye, ba ta haramta ta farkon ba. Niyya kuwa a zuci take, mazauna majalisa ba su da makullinta.

Inda mutane ke da ta cewa shi ne a kan abin da ido ke gani. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma kofin gasa ba ya cikinsu. Attajirin da ya cire kuɗin riguna daga zakkarsa ya ci haƙƙin miskini, ko da dukan gari ya tafa masa.

Sannan akwai batun ɗorewa. Kyautar da ke tsirowa sai zaɓe ya ƙarato, kowa ya san sunanta. Wadda ke zuwa kowace shekara ita ke amfanar gari irin Dakoro, inda ɗan manomi da ɗan makiyayi, Bahaushe da Bafulatani da Buzu, ke iya haɗuwa a ƙungiya ɗaya, alhali iyayensu kan yi sa-in-sa a kan gona da burtali da damina. Yaran da suka saba ba juna ƙwallo sun san sunayen juna.

Kuma buƙatar irin wannan ƙungiya ba ta da kwarjini: kuɗin mota zuwa Maradi, tafiyar fiye da kilomita 100, da abincin hanya, da maganin targaɗe. Waɗannan babu maroƙin da ke shelanta su, shi ya sa malamin wasanni ya fi shan wuya kafin ya sami mai biya.