Kakanmu Mai Tubali

Wata tambaya ta taso a gidanmu, mun ga ya kamata mu kawo ta gabanku. In mutum ya bi sawun kakanninsa ya tarar da abin kunya, zai gaya wa 'ya'yansa, ko kuwa zai binne shi?

Tun muna yara muke ji ana cewa kakanmu yana cikin waɗanda suka gina unguwannin kudancin kogin Kaduna. Hanyar jirgin ƙasa ta bi ta nan ta kai Kano a 1911. Gwamnati ta taso daga Zungeru ta zauna Kaduna a 1917, hanyar gabas kuma ta iso ta Kafanchan a 1927. Baƙi suka yi ta zuwa neman aiki, kowa yana bukatar ɗaki, ɗaki kuwa sai da tubali. Kakanmu da ƙannensa suka kama wannan sana'a a wajen Makera. Da rani sukan haƙa jar ƙasa, su kwaɓa da ruwa da ciyawa, su tattake, su cura da hannu, su shanya a rana.

Muka tashi neman wurin aikinsu. Ramin da suka ɗebi ƙasa ya zama kududdufi, daga baya aka cike shi, gidaje suka hau kansa sa'ad da ma'aikata suka yawaita bayan buɗe masaƙar Kakuri a 1957. Takarda ko ɗaya ba mu samu ba. A Zariya an san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Jumma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, amma wa ya riƙe sunayen masu cura masa tubali? Sai muka koma wurin tsofaffi.

Wata tsohuwa ta ce mana, "'Ya'yana, na san gidanku. Kakanku gwani ne, tubalinsa ba ya farfashewa. Amma mahaifina ya yi masa aiki rani biyu, har ya mutu bai karɓi cikon ladansa ba."

Jikinmu ya yi sanyi. Waɗansu a cikinmu suka ce a rufe zancen, gama an umurce mu mu girmama iyaye, marigayi kuwa ba ya nan balle ya kāre kansa. Wannan magana tana da nauyi, ba mu rena ta ba. Amma da muka duba Littafi Mai Tsarki muka ga wata hanya. Matta ya jera kakannin Ubangijinmu, bai ɓoye zancen Dawuda da matar Uriya ba. Littafin Fitowa ya riƙe labarin masu yin tubali a Masar da aka hana su ciyawa, ya nuna Allah ya ji kukansu. Yakubu kuma ya tsauta wa masu danne ladan ma'aikata. Ashe mahaifin tsohuwar nan ma yana cikin tarihin da muke nema. In mun share shi domin mu gyara sunan gidanmu, mun cuce shi sau biyu ke nan.

Ezekiyel ya koya mana cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa, saboda haka ba mu tsoron gaskiya. Muka rubuta duka biyu domin 'ya'yanmu, gwanintarsa da laifinsa. Muka koma wurin tsohuwa da ɗan abin da muka iya tarawa, muka roƙe ta gafara a madadin gidanmu. Ta yi shiru, kāna ta sa mana albarka.

Yanzu fa, 'yan'uwa, mu ma muna da masu buga mana bulo da masu ɗaukar yashi, har a ginin majami'unmu. Wata rana jikokinmu za su tambayi jikokinsu labarinmu. Bari mu biya kowa ladansa tun rana ba ta faɗi ba. Ubangiji ya taimake mu.