Da me za a tuna da tsohon soja?

Idan tsohon soja ya rasu a Zangon Agege, da wuya a ji ƙarar begila. Wanka ake yi masa, a sa shi a farin likkafani irin na kowa, a kawo shi ƙofar gida ko ta masallaci. Kafin a tayar da sallar jana'iza, liman ko wani dattijo daga dangi yakan juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai bin mamacin bashi. Babu mai tambayar igiya nawa ya ɗaura a damtse.

Alhali kuwa Bahaushen Legas da kakin soja sun daɗe tare. A 1863 wani Bature, Kyaftin Glover, ya tara wasu 'yan Arewa, da yawansu bayi da suka tsere, ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma daga wannan ƙaramar runduna ake faro tarihin sojan Najeriya. Jikokinsu a aiki sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82, lokacin da Hausa ce harshen bariki. Wasu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wasu Laberiya da Saliyo. Da aka sallame su, ba duka suka koma Arewa ba. Agege, mai goro da tashar jirgin ƙasa da mayankar Oko-Oba, ta riƙe nata rabon, wani ya kama gadi, wani tuƙi, wani ya buɗe ɗan tireda don yara su samu kuɗin makaranta.

To, da wace rayuwa za a tuna da irin wannan mutum, ta fagen daga ko ta tsakar gida?

Gwamnati ta ba da amsarta. Ranar 15 ga Janairun kowace shekara, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, ana fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Wannan karramawa ce da ta dace, domin wanda ya sa ƙirjinsa gaban harsashi saboda wasu su yi barci ya cancanci a ambace shi. Amma ma'aunin addini ya fi haka tsanani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo neman izinin fita yaƙi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya amsa, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Muslim ya kuma ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ke nan jarumta, komai girmanta, ba ta goge haƙƙin mutane, kuma mutanen da suka fi kowa haƙƙi a kan soja su ne matar da ta yi watanni tana jiran wasiƙa da 'ya'yan da suka tashi suna sauya makaranta daga wannan bariki zuwa wancan. Shi ya sa idan masu ta'aziyya suka ce wa uwargida, "Hajiya, Baba Soja bai taɓa bari kun kwana da yunwa ba," shaidar da suka bayar ta fi lambar yabo nauyi.

Akwai saɓani kan yadda za a yi tunawar. Masu ɗariƙa suna taruwa sadakar uku da bakwai da arba'in. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, shi ma tsohon limamin soja ne, tana ganin wannan taro ba shi da asali. Sai dai duka ɓangarorin sun yarda da hadisin Abu Huraira kan abubuwa uku da ladansu ke bin mamaci: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na ukun nan a gida ake renonsa, da kuɗin fansho da haƙurin uba.

A nan ne masu rai suke da laifi. Gidan bariki ba a gadonsa, kuma an sha ganin tsofaffin sojoji zaune a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Idan mai ƙarfin zuwa Abuja yana shan wannan wuya, ina ga matar da aka bari da marayu a ɗakin haya, ba ta san ofishin da za ta nufa ba?

Ya kamata fadar Sarkin Hausawan Agege da kwamitocin masallatai su san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. A biya bashin mamaci kafin a raba gado, a samu mai ilimin boko ya raka iyali wajen bin takardun fansho, kuma kada a bar ɗan soja ya daina zuwa makaranta saboda ubansa ya kwanta dama.