IDAN INNA TA MANTA SUNANKA

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku wanda tunaninsa ya fara gushewa? A Baudeta da ƙauyukan ƙasar Tasawa da Mayahi mun san wannan abu. Tsohuwa ta sha fura yanzu, an jima ta ce tun jiya ba a ba ta kome ba. Tsoho ya saɓa hauya da tsakar rani ya ce za shi noma. Wata rana ka durƙusa ka gai da Inna, ta dube ka ta ce, "Kai ɗan wane ne?" Ran nan sai tambaya ta taso a zuci: wadda ba ta san ni ba, wane hakki nata ya rage a kaina?

CIWO NE

Mu Hausawa mukan kira shi gigin tsufa. Waɗansu sukan ce maita ce, ko iskoki, ko sammu, har a sayar da akuya a kai wa boka. Kada ka yarda da wannan. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda yanar ido take ciwon ido. Wani likita a Jamus mai suna Alois Alzheimer ya bayyana irinsa mafi yawa a 1906. Wani irin kuma yakan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ke fama da shi a 2021.

Ciwon yakan zo sannu sannu, cikin watanni da shekaru, har yanzu kuwa ba a sami maganin warkar da shi ba. Amma in tsoho ya rikice farat ɗaya, tare da zazzaɓi ko bayan ya faɗi, a hanzarta kai shi likita ko asibitin Tasawa ko na Mayahi, gama wannan sau da yawa yana da magani.

DOKAR ALLAH BA TA TSUFA

A Fitowa 20:12 Allah ya umarce mu mu girmama iyayenmu, bai kuwa sa sharaɗin sai suna cikin hankalinsu ba. Ka tuna, akwai lokacin da kai ma ba ka san sunanta ba. Kana ɓata mata zane, kana hana ta barci, duk da haka ta goya ka zuwa rijiya da gona. Yesu Almasihu kansa, yana kan gicciye cikin azaba, sai da ya danƙa uwarsa a hannun almajirinsa (Yahaya 19:26-27).

Akwai kuma gargaɗi. Da Ishaku ya tsufa, idanunsa suka dushe, Yakubu ya ruɗe shi don ya karɓi albarka, ya kuwa biya da shekara 20 a baƙuwar ƙasa. Kada kowa ya sa tsoho mai gigi ya ce ya ba shi gona ko saniya a ɓoye wa 'yan'uwansa. Wannan sata ce a gaban Allah.

GIRMAMAWA AIKI CE

In ta yi tambaya ɗaya sau goma, ka amsa na goma da muryar da ka amsa na fari. In ta ce an sace mata kuɗi, kada ka yi gardama, ku nema tare. In tana cigiyar mijinta da ya rasu tuntuni, ba sai ka yi ƙarya ba, ba kuma sai ka sabunta mata makoki ba. Ka ce, "Inna, ba ni labarin Baba." A kula da ita kusa da rijiya da wuta. A sanar da maƙwabta da mai gari, domin wanda ya gan ta a hanya ya komo da ita. Kada a ɗaure ta, kada a bar yara su yi mata dariya. A ba ta ɗan aikin da hannu ya saba, kamar ɓarar gyaɗa. A raira mata waƙoƙin sujada na dā, gama waƙa takan daɗe a zuci bayan sunaye sun tafi.

Sau da yawa nauyin duka yakan faɗa kan mace ɗaya, matar ɗa, wadda ga daka, ga rijiya, ga goyo, maza kuwa sun tafi cin rani. Kuɗin da ka aiko yana da amfani, amma ba zai yi wa Baba wanka ba, kunya kuma ta hana surukarsa. Wannan aikin ɗa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba kwanaki a tsakaninku, zumuntar mata da dattawan ikilisiya su karɓi mai jinya ta huta, kamar yadda Galatiyawa 6:2 ta koya mana. In gajiya ta sa ka yi wa Inna tsawa, ka tuba, ka soma sabo da safe.

IN TA MANTA SUNAN YESU FA?

Ga abin da ya fi tsorata mai bi. Inna ta bi Almasihu shekaru, yanzu ba ta iya addu'a, wani lokaci har zagi yake fita daga bakin da ya saba yabo. Cetonta ya tafi ke nan? A'a. Ciwon ne yake magana. Ceto bai rataya a kan ƙwaƙwalwarmu ba, yana hannun Makiyayi wanda ya yi alkawari ba mai ƙwace tumakinsa (Yahaya 10:28). Ɓarawon nan na kan gicciye abu ɗaya ya roƙa, wato Yesu ya tuna da shi, ya kuwa isa. A Ishaya 49:15 Allah ya nuna ko da uwa za ta manta jaririnta, shi ba zai manta nasa ba.

Kai fa, mai karatu? Yau tunaninka yana nan garau, ba ka kuwa san abin da tsufa zai kawo maka ba. Ka ba da kanka ga Yesu tun kana iya kiran sunansa.

ADDU'A

Ya Uba, ka ba ni haƙuri da tattausan harshe domin tsoffin gidana. Ka gafarta mini fushina, ka ƙarfafa masu jinya. Ka tuna da mu sa'ad da mu muka manta. Cikin sunan Yesu, amin.