Malamin intanet ba ya sauke maka nauyin ɗanka

Ɗana, kai da ka cire yaronka daga makaranta don ya yi karatu a gida, da ke 'yata da ke riƙe da allo da littafi tun safe, ku ba ni aron kunnuwanku. Ban zo kushe shawararku ba. Na san abin da ya kai wasunku ga haka: yaro ana cin zalinsa a aji, ko yana da lalurar da makaranta ta kasa kula da ita, ko kuma kuna tsoron tarbiyyar da zai kwaso.

Ba ku kaɗai ba ne. A Amurka, hukumar ƙidayar jama'a ta gano cewa cikin gidaje masu yara 'yan makaranta, masu karantarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 a shekarar 2020 kaɗai, lokacin korona. A Ingila, ma'aikatar ilimi ta ƙidaya irin waɗannan yara 111,700 a ƙarshen 2024. Dokar ilimi ta 1996 ta halatta hakan a can, domin abin da ta wajabta wa iyaye shi ne yaro ya sami ilimin da ya dace da shi, a makaranta ko ta wata hanya. Jamus kuwa ba ta yarda da hakan ba.

Yaro yana ƙarami, abin da sauƙi. Uwa za ta koya masa karatu da rubutu da ƙidaya. Sai ya kai shekara 13 ko 14, lissafi ya yi zurfi, kimiyya ta fi ƙarfin iyaye, a Ingila kuma ga jarrabawar GCSE tana tafe a shekara 16. Mai karatu a gida kuma iyayensa ne za su nema masa cibiyar da zai zauna, su biya kuɗin kowace takarda daga aljihunsu. A nan ne ake komawa ga malaman intanet, shi ya sa kasuwarsu ta buɗe. Ba laifi ba ne. Hasali ma neman wanda ya fi ka sani alamar hankali ce.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke yi bayan sun biya kuɗi. A kunna wa yaro kwamfuta a ɗakinsa, a ja ƙofa, a ce alhamdu lillahi an sami malami. Haba ɗana! Da baƙo ne ya yi sallama a ƙofar gidanka, za ka tura shi ɗakin 'yarka ka tafi kasuwa? A Ingila babu dokar da ta ce sai mai koyarwa na ƙashin kansa yana da shaidar malanta, kuma ba a tilasta masa binciken DBS da ake yi wa malaman makaranta don a san ko yana da tarihin cutar da yara. Kowa na iya sa hotonsa ya ce shi malami ne. Kai ne za ka tambaya. Ka nemi takardunsa, ka yi magana da iyayen da ya taɓa yi wa aiki. Darasi ya kasance a falo, inda ake wucewa ana ji. Saƙo kuma ya bi ta wayarka, kada a ba shi lambar yaro.

Ka kuma tambaye shi manhajar wace hukumar jarrabawa yake bi, AQA ce ko Edexcel ko OCR, domin tambayoyinsu sun bambanta. Bayan darasi ka buɗe littafin yaron. Ko ba ka gane lissafin, za ka gane ko an yi aiki. Awa biyu a mako ba za ta zama ilimi ba idan sauran kwanakin babu bita, kuma malamin da ke nesa ba ya ganin wayar da ke ɓoye ƙarƙashin tebur.

'Yan'uwanmu mazauna Landan da Manchester da ke ɗaukar malamin Alƙur'ani daga Kano ko Zariya ta Zoom ko WhatsApp, ku ma maganar ta shafe ku. Ku saurari haddar da kanku. Ku biya malamin haƙƙinsa a kan lokaci, ku tuna da kuɗin data da rashin wutar da yake fama da su.

Kada kuma ka manta yaro na bukatar tsararsa, da masallaci, da filin ƙwallo. Darasi na gaba, ka ja kujera ka zauna kusa da shi har a tashi. Allah ya yi wa zuri'arku albarka.