Baƙon kiɗa da haƙƙinsa a kan mai sauraro

Akwai wata irin kunya da ke kama mai ilimi idan ya tsaya gaban abin da duniya ke girmamawa, shi kuwa bai san kansa ba. Malamin lakkwal da ya karanta Molière da Victor Hugo, yake kuma karantar da su ba gargada, idan aka kunna masa kiɗan Turai na dauri, wanda ake kira kilasik, kafin minti uku hankalinsa ya koma kan kuɗin cefane. Daga nan ƙofa biyu ke buɗe masa. Ko ya gyaɗa kai kamar wanda ya gane, wannan riya ce, ko ya ce abin hayaniyar Nasara ce kawai, wannan kuma raini ne ga abin da bai ba shi dama ba. Abin tambaya shi ne ko mai gaskiya yana da wata ƙofa ta uku.

Tsoron yana da dalili. A shekarar 1862 wani masani mai suna Köchel ya jera ayyukan Mozart, lamba ta kai 626, alhali mutumin bai wuce shekara 35 a duniya ba. Na Bach sun haura dubu. Haydn shi kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba, wato dogayen kiɗe-kiɗe na babban taron makaɗa. Yau kuwa duk wannan tsibi yana cikin salula guda, kowane aiki da bugu goma ko ashirin na makaɗa daban-daban. Wanda ya ɗauki abin a matsayin bashi da sai ya biya duka, zai gudu tun bai fara ba.

Sai dai tsoron ƙanen kiɗan ne, a baya aka haife shi. Daga 1729 Bach ya jagoranci wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a gidan shan gahawa na Zimmermann, a birnin Laifzig na Jamus, mutane na sha suna saurare. A 1778, da aka buga sabuwar simfoninsa a Faris, Mozart ya rubuta wa mahaifinsa cikin murna cewa jama'a sun ɓarke da tafi a tsakiyar kiɗa, daidai wurin da ya yi tsammani. A wata wasiƙar ta 1782 ya bayyana cewa yana shirya kiɗansa yadda gwani zai sami rabonsa, wanda bai sani ba shi ma ya ji daɗi ko da bai san dalili ba. Shirun nan mai nauyi na zauren kiɗa, da hararar wanda ya yi tafi ba bisa ƙa'ida ba, daga baya suka kafu, cikin ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Ashe masu kiɗan ba su taɓa neman takardar shaida a bakin ƙofa ba.

Duk da haka akwai wahala ta gaskiya, kuma ba adalci ba ne a ɓoye ta. Kunnen Bahaushe ya saba neman magana cikin kiɗa. Mai sauraron Mamman Shata ko Ɗan Gurmu na Tawa kalmomi yake bi, kayan kiɗa suna rakiya. Ko inda ba a buɗe baki ba, kalangu magana yake yi: yana da take, wanda ya san taken ya san wa ake kira da abin da ake gaya masa. Shi ya sa tambayar farko da irin wannan kunne ke yi wa simfoni ita ce: me take cewa? Ita kuwa ba ta da take. Babu wata jimla ɓoyayya a bayanta da Turawa suka sani suka hana sauran mutane. Abin da take yi shi ne ta gabatar da ɗan guntun kari, ta tafi da shi, ta juya shi, ta ɓoye shi cikin wasu muryoyi, sannan ta dawo da shi ya sake kama. Simfoni ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara bugawa a Biyana a 1808, da sauti huɗu take farawa, uku gajeru ɗaya dogo, kuma kusan duk kashinta na farko, kimanin minti bakwai, daga waɗannan huɗun aka gina shi. Daɗin yana wurin gane tsohon sani a cikin sababbin tufafi. Wanda bai riƙe fuskar ba tun farko, ba zai gane ta ba idan ta dawo.

To ke nan aikin na tunawa ne, tunawa kuwa sai da maimaici. Nan ne ƙofa ta uku take, kuma ƙarama ce: aiki ɗaya, a saurare shi sau biyar ko goma, ba tare da hannu na kan wani abu ba. Ba a tauna taura biyu. Mutanen zamanin Beethoven da yawa sau ɗaya ko biyu suka ji irin wannan simfoni daga cikakken taron makaɗa a duk rayuwarsu, domin sai a 1877 Edison ya ƙera na'urar ɗaukar sauti. Mai salula a Maraɗi ya fi su gata nesa ba kusa ba, in ya yarda ya tsaya wuri guda.

Wani zai ce ilimi fa? Ilimi yana ƙara daɗi, babu musu. Wanda ya san cewa Beethoven ya riga ya kurumce lokacin da aka fara buga simfoninsa ta tara a 1824, zai ji ta da wata zuciya dabam. Amma al'adar karɓar baƙo ta riga ta tsara abin: ruwa ake fara ba shi da shimfiɗa, tambayar asali da dangi sai ya huta. Malamin da ya fara da jerin shekarun haihuwa da mutuwa a kan allo, tsoronsa kawai yake gadar wa ɗalibai. Kuma wanda ya saurara da gaske yana da ikon cewa abin bai yi masa ba. A 1913 ƴan kallo a Faris sun tada hayaniya kan sabon aikin Stravinsky da yau ake yi masa kirari, har kiɗan ya yi wuyar ji; laifinsu shi ne sun yanke hukunci tun ba su ji ƙarshe ba.

Akwai kuma masu ganin cewa da a ɓata lokaci kan kiɗan wasu, gara a ceto algaita da kakakin fadar Damagaram daga mantuwa. Damuwarsu abin girmamawa ce, amma kunne ɗaya ne ke yin aikin biyu. Yaron da ya koyi zama minti goma yana bin kari guda, shi ne zai iya tsayawa ya ji abin da mai algaita ke yi da numfashinsa. Mutanen Kinshasa ma, da suka kafa nasu taron makaɗan simfoni a 1994, ba su bar rumba ba.

Ƙungiyar al'adu da ke son gwadawa a wani maraice tana iya farawa da Boléro na Ravel, na 1928. Minti goma sha biyar ne ko kusa da haka. Ƙaramar ganga ce ke riƙe da bugu guda daga farko har ƙarshe, kari biyu ƴan uwan juna suna karɓa-karɓa a kanta, sarewa ta fara, sauran kayan busa da gogen Turawa su riƙa shigowa, ƙara tana hauhawa a hankali. Farkonsa yana da sanyin da har a kan zaci na'urar ce ta lalace. Kada mai kula da ita ya yi saurin ƙara murya, domin in ya yi haka, kafin a kai ƙarshe sai maƙwabta sun fito.