Wasan da Aka Ɗora wa Kaya, Wasa Ne Kuwa?

Jama'a, a hutun da ya wuce yayata ta ba ni wani aiki da na ɗauka ƙarami ne. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kai ne ɗan jami'a, samo wa Ummi wasan da zai koya mata karatu." Ummi kuwa shekararta biyar. Na karɓa ina taƙama, na sauko da wani wasa da aka yi wa laƙabi da "mai ilmantarwa", na miƙa mata. Ashe na jawo wa kaina tambayar da har yau take hana ni sakat.

Wasan yakan nuna lamba uku, ya ce a taɓa wadda ta dace, in an dace tauraro ya fito da kiɗa. Kwana biyu Ummi ta tara taurari fiye da ɗari, uwarta sai murna. Ran na uku na zauna bayanta ina kallo. Wallahi ko duban lambobin ba ta yi. Ta farko take taɓawa, in ba ta yi ba ta taɓa ta biyu, sa'an nan ta uku, tauraro ya fito. Yarinyar ta koyi wani abu, ba shakka, amma abin da ta koya shi ne caccaka har a dace. Tsakanin mataki da mataki kuma sai talla ta faɗo. Ba mu kaɗai ba ne: a 1918 ba a san wannan matsala ba, amma a 2018 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun duba manhajojin yara 135, suka tarar kashi 95 cikin ɗari na ɗauke da talla iri ɗaya ko wata.

To, haɗa wasa da koyo ba bidi'a ba ce. Aflaton ya yaba wa Misirawan dā domin suna koya wa yara lissafi ta hanyar rabon 'ya'yan itace cikin wasa. Imam Gazali ma ya yi gargaɗi a Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa bayan an tashi daga makaranta, domin hana shi yakan kashe masa zuciya. Amma fa a lura, Gazali wasa ya ce a bar shi ya yi, don ya huta. Mu kuwa so muke mu kama wasan mu ɗaura masa mangala kamar jaki, ya ɗauko mana bakaƙe da lissafi. Wani masani ɗan Holan, Johan Huizinga, ya nuna a littafinsa na 1938 cewa sharaɗin wasa na farko shi ne ganin dama. Wasan da aka tilasta ya tashi daga wasa. Idan haka ne, mene ne sunan abin da na miƙa wa Ummi?

A ganina wasannin nan iri biyu ne, kuma tun farkon zuwansu suke haka. A 1971 wasu ɗalibai uku masu koyon aikin malanta a Minnesota suka shirya The Oregon Trail, inda yaro yake jagorar ayari zuwa yammacin Amurka. Shi zai yanke yawan guzurin da zai saya, in ya yi ganganci mutanensa su halaka. A nan tunanin shi ne wasan. Iri na biyu kuwa, ilmin kuɗin shiga ne kawai: amsa tambaya, a ba ka damar harbi ko tauraro. Wannan yana gaya wa yaro a asirce cewa karatu maɗaci ne, sai an lulluɓe shi da zuma. Wanda ya taɓa zama gaban dara ya san bambancin, don babu mai ba ka lada saboda ka ƙirga gurbi. In ba ka ƙirga ba a cinye ka, shi ke nan.

Sai dai abin da ya fi damuna yana wajenmu manya. Da na gaya wa yayata abin da na gani, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ni dai in samu in gama girki." Ban ga laifinta ba. Mace mai goyo, ga tuwo a wuta, tana da hakkin sa'a guda ta numfasa. Amma kalmar nan "mai ilmantarwa" mu take yi wa aiki, ita ke wanke mana zuciya mu miƙa wayar ba tare da jin nauyi ba. Ni ma ai abin da nake nema shi ne a ce kawu ya iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa gaban irin waɗannan na'urori ya wuce sa'a guda a yini, ba ta kuwa ware waɗanda aka yi wa wannan laƙabi ba.

Daga baya na goge wancan, na sa GCompris, wanda Bafaranshe Bruno Coudoin ya fara a 2000. Kyauta ne, ba talla, yana da ayyuka fiye da ɗari. Shi ma ba waliyyi ba ne, yana da nasa tafi da yabo. Muka buɗe na sikeli, inda ake ɗora nauyi har ɓangarorin biyu su daidaita. Ina fassara mata Turancin, tana gardama. Ta ɗora biyar ya rinjaya, ta cire, ta tsaya tana cizon yatsa, sa'an nan ta ce, "Kawu, kamar na mai nama!" Muka yi kusan rabin sa'a, ta ajiye wayar da kanta ta fita carafke.

Ran da zan komo makaranta yayata ta tambaye ni ko yanzu tana iya barinta da shi ita kaɗai. Na ce mata i, amma muryata ba ta fita sosai ba.